Raket Uku Babu Tsirkiya

Yayana Gaëtan ɗan wasan tanis ne, amma ba irin waɗanda ake nunawa a talabijin ba. A jerin 'yan wasan duniya, sai ka wuce mutum dubu da ɗari biyu kafin ka iske sunansa. Shekara tara yana zagaya ƙananan gasa a tsohuwar motar babanmu. Ni kuwa ban yi nisa a makaranta ba, sai na koyi ɗaure tsirkiyar raket. Duk gasar da za a yi a yankinmu, ana ba ni lungu bayan ɗakin canza kaya in kafa injina. Aikin ya yi mini daidai, don ba sai na kalli idon kowa ba.

Maki a tanis shekara ɗaya yake yi ya mutu. Na Gaëtan saura biyu, kuma Litinin mai zuwa za su faɗi. Ya riga ya gaya wa Mama a gabana cewa ranar da sunansa ya fita daga jerin, ya ajiye raket ke nan har abada. Maki ɗaya tak yake nema, wato ya ci wasa ɗaya a cikin ainihin gasar, ba a share fage ba.

A makon nan muna wani ƙaramin gari kusa da Poitiers, ana sanyi mai shiga ƙashi. Ranar Litinin aka doke shi a wasan ƙarshe na share fage. Wanda ya faɗi a nan yana da sauran dama guda: washegari da safe ya sa hannu a wata takarda a teburin alƙaliyar gasa, ko wani zai janye a ba shi gurbi. Ƙarfe tara da rabi ake ɗauke takardar.

"Ba zan sa ba," in ji shi. "Sau goma sha ɗaya ina sa hannu a takardar nan, in zauna ina fatan ƙafar wani ta gurɗe. Na gaji, Solène. Ki gama aikinki mu tafi gida."

Da safiyar Talata ina shirin ɗaure raket uku na wani ɗan Beljiyam mai suna Wannes. Tun jiya ya sa na yanke tsofaffin tsirkiyoyin, ya ce in ɗaure da safe, wasansa ƙarfe sha biyu ne. Sai ga shi a kaina.

"Bar su kawai. Ba ni haka nan."

Na miƙa masa. Da hannun hagu ya karɓa, da hagu ya ja zif ɗin jakarsa. Ni kuwa na san mariƙin raket ɗinsa, na san da hannun dama yake wasa, ke nan hannun ya samu matsala. Babu ɗan wasan da zai kwashi raket uku babu tsirkiya a safiyar wasansa, sai wanda ya san ba zai shiga fili ba.

Na duba agogo, tara da minti goma sha takwas. Na kira wayar Gaëtan, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Na san inda yake, gidan shan kofi da ke tsallaken wurin ajiye motoci, inda 'yan wasa da tsofaffin kulob ke taruwa. Ban taɓa leƙa shi ba. Ko burodi zan saya, sai na jira layi ya watse.

Na tura ƙofar da rigar aikina, almakashi na leƙowa daga aljihu. Kowa ya juyo.

"A'a! Yau ɓeran inji ya fito rami?" in ji Baba Fernand, tsohon da ke share filaye. Aka kwashe da dariya.

Na yi niyyar in matsa kusa in raɗa masa a kunne. Amma kunya ta rikita ni, maganar ta fito da ƙarfi tun daga bakin ƙofa.

"Yaya, tashi ka sa hannu! Mutum ya karɓi raket uku babu tsirkiya!"

Gaëtan bai gama ajiye kofinsa ba, wani ya riga shi miƙewa. Thibault ne, wani dogo ɗan garin Limoges, wanda shi ma aka doke jiya. Duk ɗan wasa ya san ma'anar abin da na faɗa.

"Na gode, ƙanwata!" ya ce, ya wuce ni a guje da rabin burodi a baki.

"Kai, ɓarawo, ƙanwata ce ba taka ba!" Gaëtan ya bi shi.

Su biyun suka sa hannu, saura minti uku. Ba a jima ba Wannes ya zo da likita ya janye. Gurbi ɗaya, mutum biyu, kuma bakina ne ya jawo na biyun. Madam Aubry, alƙaliyar gasa, ta jefa 'yan lambobi biyu a jakar ƙyalle don ƙuri'a. Na tsaya bayan ƙofa. Ban iya kallo ba, sai dai na ji muryar Thibault.

"Tafi can, tsoho. In ka faɗi bayan duk wannan gudun, sai ka biya ni burodina."

Lambar Gaëtan ce ta fito ke nan, na zauna a kan akwatin ƙwallaye.

Wasan ya ci awa uku ba kaɗan. Abokin karawarsa ya fi shi ƙarfin bugu, amma Gaëtan ya yi ta mayar masa da ƙwallo har ya ƙosa ya fara zubar da su waje. Ni daga lunguna nake saurare. Da na ji Baba Fernand yana dukan bokiti da tsintsiya yana ihu, na san an gama, Gaëtan ya ci.

Can sai ga Gaëtan, jiƙe sharkaf da gumi. Ya zube a ƙasa kusa da injin, ya jingina da bango, ya daɗe yana haki. Sannan ya tura mini raket biyu da ƙafa.

"Gobe ƙarfe goma zan buga. Ki ja tsirkiyar kilo ashirin da uku."

"Akwai mutum huɗu a gabanka," na ce. "Ka bi layi."