Labarin da Ya Zo Cikin Ƙunshin Sukari

…da tulu a ka, ba gammo. Abin da na fara gani ke nan a bakin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki. Na ce mata, ke, wuyanki zai karye. Ta ce ai nawa ne. Indo. Wata huɗu ke nan, farkon tsinkar auduga, ranar da lori ta sauke su ita da goggonta daga Rusairis. Yanzu ga kaina a cinyarta tana yi mini kitso, tana ja kamar da gayya — a hankali mana! — jibi kuma lorin ce za ta mai da su.

Jibi. Bari dai.

Shafi na arba'in da ɗaya na cikin zanena, har yanzu da ƙanshin ganyen shayi. Salihu mai dukkan, ɗan kantin unguwarmu, bai san abin da yake yagewa ba da farko. Littafi ne wani ya mance masa, shi kuwa takardar ƙunshi ya gani. Sukari a shafi na tara. Barkono a na sha biyu, na karanta ina atishawa, Indo tana birgima a tabarma. Kakata Iya har mamaki take: yarinyar da ke ɓuya in an ce aike, yau ita ce "Iya, gishiri bai ƙare ba?"

Baƙaƙe a allo na koya, sauran na tsinta a littafin makarantar yayana, kamar kaza a masussuka. Wa ya ce za su kai ni wurin wata marainiya mai kiwon agwagi, da ƙawarta 'yar masunci? In karanta da Larabci, in faɗa wa Indo da Hausa, inda na kasa in ƙara nawa... ta sani kuwa? Ta sani mana.

Labarin bai zo a jere ba. Sai da muka ga yarinyar ta warke kafin mu ji ta yi ciwo. Indo ta ce haka ya fi, da duniya ma haka take zuwa da an huta.

Sai wata rana shafi na goma sha takwas, washegari na goma sha tara. A jere. Salihu ne ya lura? Ba ya cewa komai, sai ya naɗe a hankali don kada rubutun ya yage, ya miƙo, idonsa na kan sikeli. Yau da safe ne kawai, murya ƙasa-ƙasa: shafin ƙarshen ya tafi Rufa'a, ƙanensa ya ƙunsa wa wani baƙo kanwa a ciki. Wai ya bi shi har mashigi, jirgin fito ya riga ya tashi. Ya rufe dukkan ɗinsa ya bi takarda! Mutum ya... a'a, ni Sakinatu, ba wannan ba yanzu. Kunnena ne ke zafi, ko kitson ne?

Na arba'in da ɗaya. Ɗazu na karanta mata. Wani kawu ya sauko daga jirgin ƙasa da akwati da laima, yana neman 'yar ƙanwarsa. Indo ta yi dariya, ta ce nata kawun jirginsa ya makara shekara sha bakwai, wataƙila a Kosti ya yi barci. Na yi dariya ni ma. Amma hannunta ya tsaya a kaina, na ji.

Ba ta taɓa ce wa kanta marainiya ba. Uwa ta rasu a hanya, uba a kogi, sau ɗaya ta faɗa, muna cin gyaɗa. Goggonta mutuniyar kirki ce, 'ya'ya shida a ɗaki guda. Da kunnena na ji ta ce wa Iya, da da mai riƙe ta nan... Iya ta ce maganar ta mai gida ce. Baba. Ni da ko ruwa zan miƙa masa sai in aje kofin in gudu.

'Yar masuncin nan fa, me ta yi? Shafi arba'in. Ta ba ta kifi, ta ba ta ɗankwali, ta yi kuka a taga. Kirki ne, to. Amma ko sau ɗaya ta shiga wurin ubanta ta buɗe baki? Jira take kawu ya zo. Ni ma watanni ina jiran shafi, kamar shafin ne zai...

Gadona ya ishe mu biyu. Ta fi ni saurin tsinkar auduga, ta fi ni iya toya kisira, gurasarmu ta dawa, Baba ma ya ci tata bai sani ba har ya nemi ƙari. In ya ce a'a fa? In ita ce ba ta so?

Inuwar darbejiya ta kai bakin randa. Yanzu Baba zai taso daga hawasha, gonarmu ta auduga.

"Indo."

"Daina motsi, saura biyu."

"Da Baba ya sallame la'asar zan shiga wurinsa. Wallahi ba za ki hau lorin nan ba sai na roƙe shi ki zauna da mu."

Tsinken kitson na nan a tsakiyar kaina, bai ci gaba ba, bai fita ba... ga kukan jakin Baba can bayan danga, ni kuwa na riga na jawo mayafina.