Odar Motar Na'Allah

Halidu mai gyaran wayoyin mota, kai ka hana Na'Allah gaisuwarsa ta ƙarshe, kuma ba zan yi shiru ba. Ni Umma ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ranar ina cikin motar, da idona na gani.

Na'Allah maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a nan Dakoro, kuma taubashina ne, tun muna yara muke zagin juna. Shofer ne, tuƙin mota yake tun yana saurayi. Da ƙafarsa ta hagu ta shanye, sai ya sayo wata tsohuwar mota mai shan gazuwal, irin wadda ke canza bitesi, wato giya, da kanta. Abin da kowa ya san shi da shi, oda, wato ham ɗin mota. Ba ya wuce mutum bai danna ba. Ko jakin da ya sani ya gani, sai ya gaishe shi.

Da odar ta mutu, Halidu ya sa masa sabuwa, mai kuka kamar raƙumi. Tun daga nan motar ta kama ciwo. Tana cikin gudu sai ta yi tsalle, ta koma bitesi na biyu ta maƙale, tana ruri ba ta tafiya. Jafaru makanike ya canza mai, ya kwanta ƙarƙashinta, ya zagaya gari da ita.

"Baba, lahiyarta lau," in ji shi.

Lafiyarta lau mana, tunda Jafaru ba ya gaida kowa.

Ana haka jikin Na'Allah ya yi tsanani, likita ya ce zuciya ce, ya kwanta. Sai ga labari daga Kornaka, ɗiyarsa Ramla ta haifi namiji. Dangin mijin suka ce kakan ne zai faɗa wa liman sunan da bakinsa, da hantsi za a yi.

"Ka zauna, a kira ka ta waya," in ji Zinariya matarsa.

"Ni za a kira ta waya? Ɗauko mini hulata."

"Tsohon banza, sai ka mutu a hanya ka bar mu da turi," na ce.

"In na mutu ke za ki ja motar, ai kin hi jaki ƙarhi."

Bayan sallar asuba muka shiga, Zinariya a tsakiya, ni a bakin taga da tasar tuwon suna bisa cinya. Mota ta tashi lafiya, ta ɗau ɗaya, ta ɗau biyu, ta ɗau uku. Muna isa wajen mai shayi ya danna oda. Gif! Kaina ya bugi ƙarfe, wata ƴar fitila ta kama ƙyaftawa a gabansa, mota ta koma ruri. Ya tsaya ya kashe, ya sake tadawa, ta warke. A bakin tasha ya ga wani abokinsa, ya danna. Gif! Miya ta zube mini a zane.

Karo na uku ya dubi hannunsa, ya dubi fitilar. Motar na tsaye ya danna a hankali, fitila ta ƙyafta. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Zinariya, kin ji ɗan nema! Halidu ya ɗaure wayar oda wuri guda da wayar bitesi. In na yi gaisuwa oda ta shanye wutar, ita ko ta yi hushi."

"To ka bar gaisuwar," na ce. "Rana na tahowa."

Dariyar ta ɗauke. "Umma, in wuce mutane kamar ɓarawo?"

"Ko gaisuwa ko jika. Zaɓi."

Ya juyo ya dube ni. "To ke ki zama odar. Dama Allah ya ba ki bakin."

Haka aka yi. Na miƙa wa Zinariya tuwon, na fid da kai ta taga. "Ina kwananku, masu amalanke! Na'Allah na gaishe ku!" "Sannu da kiwo, Agali! Na'Allah ne!" Hannunsa na zuwa wajen odar, ni ina kaɗe shi da mahucina.

"Ƙara murya, batirinki ya yi sanyi!" in ji shi.

"Ubanka ne ya yi sanyi!"

Zinariya na dariya har da hawaye. Mota kuwa ta ɗau huɗu, tana sheƙa gudu tsakanin gonakin hatsi kamar budurwa. Na'Allah har waƙa yake yi, hula ta karkace.

Wuri ɗaya ne bai yi dariya ba. Akwai wani makaho, Badaru, da ke zama gindin aduwa a bakin hanya, tun Na'Allah na yaron mota suke tare. Da oda yake gane shi, ya ɗaga sanda. Na ƙwala iyakar ƙarfina, iska ta kwashe muryar. Badaru bai motsa ba. Na'Allah ya bi shi da ido ta madubi.

"In mun dawo," ya ce.

Mun isa Kornaka liman na gyara zama. Aka tallabo Na'Allah har tabarma, ya sunkuya ya faɗi sunan, Nu'man, sunan mahaifinsa. Aka shafa fatiha, aka yanka rago. Da aka aza masa jinjirin bisa cinya ya ce, "Wannan hancin nawa ne, Allah ya tsare shi da bakin Umma." Ni ko ban iya ramawa ba, muryata ta dushe. Ya ce tunda aka haife shi bai taɓa jin daɗin yini irin wannan ba.

Da muka komo da marece, Badaru ya riga ya shiga gida. Na'Allah bai sake hawa mota ba. Ran Juma'a bayan la'asar, yana jingine a zaure yana ba Zinariya labarin yadda na yi oda, ya yi dariya, ya nemi ruwa. Kafin ta kawo ya cika. Allah ya jiƙansa.

Ranar sadakar uku Halidu ya zo gaisuwa. Ya buɗe gaban motar, ya kwance waya ɗaya ya ɗaure ta wani wuri, ko goron bakinsa bai gama taunawa ba. Ya danna oda, fitila ba ta ƙyafta ba. "An gyara, Iya," wai.

Yanzu? Wa zai danna?

Jiya na wuce ta hanyar cikin motar kasuwa. Badaru na nan gindin aduwa, sanda bisa gwiwa, ya karkata kunne wajen titi. Ba ni zan faɗa masa ba. Halidu, ka ɗauki motar nan ka je ka tsaya gabansa, ka danna, in ya ɗaga sanda ka sauko ka yi masa bayani da bakinka.