Muryar Baba a Labaran Rana

Tun da masaƙa ta rufe, gidan rediyonmu bai zauna lafiya ba. 'Yan gwamnati suna cewa ba ma sa komai sai kukan talauci, 'yan adawa kuma suna cewa an saye mu. Kai jama'a! Da Manaja ya ji ƙishin-ƙishin za a ƙwace mana lasisi, sai ya kafa doka: duk muryar da ta yi ƙorafi, a bi ta da muryar da ta yaba.

To ina zan samo mai yabo? Na yini a kasuwa da rikoda, ko ɗaya ban samu ba.

Mai ƙorafi kuwa a gida yake. Babana ne shugaban ma'aikatan da aka sallama, kuma da ƙyar ya yarda ya yi magana.

"'Yar nan, mutanena za su ji. Kada ku taɓa mini magana."

"Wallahi Baba, ba mai taɓawa."

Na kunna rikoda, na gaishe shi don gwada sauti, yadda muke yi kafin kowace hira. Ya ce, "Lafiya lau, komai daidai, mun gode Allah." Sannan ya zazzage cikinsa, har maganar yaran da aka cire daga makaranta.

Washegari na miƙa wa editan sauti hirar, na ce ya yanke gaisuwar. Ya ce to, bai ɗago kai ba. Manaja na tsaye a bayansa.

A labaran rana aka sa wani ɗan adawa yana kumfar baki. Sai mai karanta labarai ta ce, "Amma shugaban ma'aikatan masaƙa yana da ra'ayi daban." Sai ga muryar Baba, lafiya lau, komai daidai. Shi ke nan, aka wuce wasanni.

Na afka ofishin Manaja.

Ya ce, "Muryarsa ce ko ba tasa ba? Ƙorafi ya yi mana yawa yau. Sauran sai mun samu mai yabo."

Na kira wayar Baba, Mama ta ɗauka murya ƙasa-ƙasa.

"Duk abokan aikinsa ya tara su saurara. Ga su can suna fita, ko sallama babu."

"Mama, don Allah ba ni shi."

Na ji ta yi masa magana, sannan ta dawo kan wayar.

"Ya ce ba ya magana da 'yan jarida."