Fil Ɗaya a Aljihun Badamasi

Ranar da aka sauke wani tsohon jirgin sama a warsharsu, wato garejin da suke aiki a ƙasar Larabawa, a Birnin Masana'antu na Biyu, Badamasi makanike sai da ya yi dariya. Ga fanka a ka kamar jirgi mai saukar ungulu, ga farfela a hanci. Injiniya Gidaɗo, dattijon da ke shugabantarsu, ya ce sunansa otojairo, kuma iska ce ke juya fankar, ba inji ba.

Kafilinsu, Balaraben da suke wa aiki, shi ne ya sayo shi daga Turai, haɗe da littafin tarihinsa. A lokacin yaƙin duniya na biyu yana shawagi ne a bakin teku. A 1943 ya zo sauka, iska ta kwashe shi ya kife, aka jefa shi a rumbun wani manomi har shekara saba'in.

Wata goma sha huɗu suna gyaransa. Ƙafafun sauka aikin Badamasi ne, kuma duk Juma'a in an haɗu cin abinci a gidan abinci na Al-Oud sai ya ba 'yan ƙasarsu labari, har suka fara ce masa Kyaftin.

Aka kai jirgin wani fili a bayan gari, aka ɗauko wani tsohon matuƙi Bature. Ya tashi lafiya, ya zaga sau uku. Da taya ta taɓa ƙasa sai ƙafar hagu ta lanƙwashe, jirgin ya kwanta, fankar ta daki ƙasa ta tarwatse. Aka zaro matuƙin da karyayyen hannu.

Kafili ya juya kan Gidaɗo a gaban kowa, yana ta faɗa da Larabci. Dattijon bai ce uffan ba.

A motar komawa Badamasi ya sa hannu aljihu zai ciro waya, ya ji ɗan ƙarfe. Fil ne, wanda ke hana notin ƙafar jirgin kwancewa. Ya cire shi jiya zai canza, aka kira shi, ya manta.

Kwana uku bai iya haɗa ido da kowa ba. A na huɗu ya shiga ofishin Gidaɗo ya ajiye fil ɗin a tebur.

"Baba, ni ne."

"Na sani. Tun a filin na ga ramin ba komai."

"Kuma kuka yi shiru?"

"Ni na sa hannu a takarda ban duba ba. Kai nake jira, in ga ko za ka zo."

Badamasi ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Tare suka je wurin kafili. Ya saurara, ya ce khalas, wato shi ke nan, su koma su gyara abin da suka ɓata. Bai kori kowa ba, amma jirgin bai sake tashi ba, don ba a samu irin fankar ba. Kafin matuƙin ya koma ƙasarsu Badamasi ya je asibiti gaishe shi. Ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo, ya daɗe kafin ya ƙwanƙwasa.