Sai Mun Tsallake Jebba

Ranar da Baban Abdul ya shigo da labarin wai za mu je Legas hutu, da ni da yara har da mahaifiyarsa, sai da na ajiye muciya na dube shi da kyau. Tunda na auri Zikrullahi ko dam ɗin Tagwai da ke nan bayan garinmu Minna bai taɓa kai mu shan iska ba. Mutumin da yake zuwa kasuwar Alaba ta Legas sarin rediyo da fanka, ya juyo washegari don kada shagonsa na Sauka Kahuta ya daɗe a rufe, yau shi ne mai son yara su ga teku. Ruwa dai ba ya tsami banza. Amma ina na samu sararin bincike? Abdulbasit ya riga ya ji, yana ta tsalle a kan tabarma, ƙanwarsa Aziza tana taya shi ba tare da ta san abin da ake murna a kai ba.

Abdulbasit ne babba, shekararsa bakwai a lokacin, kuma yana da sikila. Sanyi shi ne babban maƙiyinsa. Akwai ranar da ruwan sama ya dake shi daga makaranta zuwa gidanmu a Fadikpe, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma sai da muka kusa zama 'yan gida a asibiti. Tun daga nan na kafa doka: wanka da ruwan ɗumi, suwaita ko ana zufa, in hadari ya haɗo a shigo ɗaki. Yaran unguwa suna tsalle tsirara a cikin ruwa, shi yana leƙe ta taga. Ina jin zafin hakan har cikin raina, amma gara ya yi fushi da ni yana raye. Abu ɗaya kuma na koya masa tun bakinsa bai gama buɗewa ba, cewa da ya ji ciwo ya faɗa. Yana kuwa faɗa. "Mama, ƙafa ta fara," ko "Mama, baya ne yau." Da wannan 'yar maganar muka sha tare ciwo tun bai yi ƙarfi ba.

Na ce wa Baban Abdul, "Zai gani da ido, amma ko yatsa ba zai sa a ruwan nan ba."

Ya ce, "Haba Maman Abdul, ni ba ubansa ba ne?"

Dogon hutun 2006 ne, damina ta zauna daram. Kafin mu tashi labari ya zaga unguwa, sai ga jarkoki. Maman Wisdom maƙwabciyarmu tana son ruwan teku saboda ƙurajen jikin ɗanta, mai wankin hulunan bakin titi yana so ya yayyafa a ƙofar rumfarsa. Na yi ta dariya ina cewa mun zama 'yan garuwa. Surukata ta iso daga Bida da wani ɗan ƙunshi da ba ta bari kowa ya taɓa. Kaka muke ce mata gaba ɗayanmu. Tsohuwa ce mai tsafta da yawan salati, kuma tana son Abdul fiye da duk jikokinta, wannan ba zan taɓa hana mata ba.

A tsohuwar fijonsa muka tafi, muka sauka Agege gidan ƙaninsa Ndaman. Washegari da hantsi aka kwashe mu sai bakin teku.

Gaskiya ni bai burge ni ba. Ruwa ne toka-toka mai ruri kamar injin niƙa, ga iska mai sanyi tana watsa wa mutum yashi a ido, ga robobi da silifas marasa 'yan'uwa birjik a gaɓa. Can gefe wasu masu fararen riguna suna kaɗa ƙararrawa suna addu'a ba takalmi, masu dawaki suna bin mutane a hau a biya. Amma Abdul ya tsaya cak cikin suwaitarsa da hular sanyi, ya saki baki.

"Mama, ina ɗaya gefen?"

Na ce babu.

"A Jebba ai akwai ɗaya gefen."

Na ce wancan da muka tsallake a hanya kogi ne. Ya gyaɗa kai kamar wani dattijo, ya tsuguna nesa da ruwa inda na shata masa layi da ƙafata, ya shiga tsintar bawon katantanwa yana zubawa a aljihu. Aziza kuwa tana ganin igiyar ruwa ta taso ta ƙanƙame zanina tana ihu. Ba a jima ba ta ce kashi take ji.

Kaka ta ce, da irin Hausarta ta mutanen Bida, "Halima, kai shi can bayan rumfa, nesa. Nan mutane yawa. Ni na duba Abdul."

Banɗakin haya ne, da nisa, ga layi. Na tsaya ina ta tsaki, Aziza tana mutsu-mutsu. Da muka gama na goya ta don mu yi sauri. Tun daga nesa na hango suwaita ja a ajiye a kan yashi, an ɗora mata dutse don kada iska ta ɗauke.

Baban Abdul yana cikin ruwa har ƙugu, ya rungume yaron daga shi sai ɗan kamfai. Igiya ta taso, ya danna shi ciki har kai, ya ɗago. Kaka tana bakin ruwan tana kwance ƙunshin nan tana watsa wani gari a ruwa, bakinta yana motsi. Yaron kuwa dariya yake. Wallahi ban taɓa jin ya yi irin wannan dariyar ba, har da shiɗewa, yana dukan ruwa da hannu yana cewa, "Baba a sake! A sake!"

Ban san lokacin da na shiga ruwan da Aziza a bayana ba. Na fizge shi. Jikinsa kamar an ciro shi daga firij, leɓɓansa sun yi fari, haƙoransa suna karo da juna amma yana ta murmushi. Na tuɓe mayafina na naɗe shi, na murza shi, na mayar masa da suwaita.

"Hutun ke nan?" na ce wa ubansa. "Hutun da ka kawo mu ke nan, Zikrullahi?" Ban taɓa kiran sunansa a gaban uwarsa ba sai ranar.

Kaka ce ta amsa. Wai wani mai magani ne a can wajensu ya ce ciwon yaron ruwan gishiri na Allah ne kaɗai zai wanke shi, kuma an yi wa jikan wata ƙawarta ya miƙe. "Asibiti, asibiti, kullum asibiti. Shekara nawa? Me sun yi? Su sa jini, su sa ruwa, gobe ya dawo."

Baban Abdul ya fito yana ɗigar ruwa, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Halima, na gaji da ganin ɗana a kan gadon nan yana kiran sunana, ni kuma ina tsaye kamar gunki. In na faɗa miki ai ba za ki yarda ba."

"To da ka san ba zan yarda ba, me ya sa kake ganin ba ni da dalili?"

Na ji tausayinsa kaɗan, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi. Haka ya ɗauki jarkokin mutane ya koma yana cikawa, saboda an riga an yi alkawari.

Da muka koma Agege na dafa ruwa na gasa wa Abdul jiki, na shafe shi da man zafi, na ɗura masa shayi da maganinsa. Na ce gobe da asuba sai Minna, inda likitocinsa suka san shi. Ba wanda ya yi gardama. Ina zaune a gefensa ina tambaya, ƙafa? Hannu? Baya? Yana cewa, "Ba komai, Mama." Abin da kawai ya tambaya shi ne ko ta Jebba za mu sake bi. Na ce ai babu wata hanyar. Har barci ya ɗauke shi bai yi ƙorafi ba, kuma a irin wannan wankan sanyi da tuni ya fara kuka. Kaka tana ta kallona ta wutsiyar ido. Ni kaina, duk da faɗan da na yi, sai da wani abu a zuciyata ya ce, to in kuma an dace fa? Uwar mai sikila ba abin da ba ta so ya zama gaskiya.

Mun fito bayan sallar asuba. Kujerar gaba cike take da kwalayen rediyo, don Baban Abdul ba zai zo Legas ya koma hannu rabbana ba. Mu huɗu muka matsu a baya, Aziza a cinyata, Abdul ya ɗora kai a cinyar Kaka ta lulluɓe shi da zaninta. Mun wuce Ibadan bai ce uffan ba. Tsakanin Oyo da Ogbomosho muka faɗa cikin jerin tireloli, mota tana faɗawa rami tana fitowa, jarkoki suna ɓulɓul a but. Duk ramin da muka faɗa sai in ga ya runtse ido.

"Abdul, lafiya?"

"Lafiya. Mun kusa Jebba?"

"Da saura."

A Ilorin muka tsaya sallar azahar. Ya ƙi sauka, ya ƙi cin doyar da aka sayo, shi da yake son soyayyar doya kamar me. Na taɓa goshinsa na ji ɗumi. Na buɗe idonsa na ga ya ƙara rawaya. Numfashinsa gajere-gajere, kamar wanda ya yi gudu.

Na tsuguna a bakin ƙofar mota na riƙe fuskarsa. "Dube ni. Ina ne yake maka ciwo?"

Ya kalli Kaka, sannan ya kalle ni. "Babu."

Na ce wa ubansa akwai babban asibiti a garin nan, mu shiga a duba shi ko da ba komai. Ya ce gajiyar hanya ce, kuma in muka shiga layin asibiti dare zai yi mana a dajin Mokwa da yara. Kaka ta ce, "Yaro ya ce babu, kai kana kira masa ciwo da baki." Na ce ni dai hankalina bai kwanta ba. Sai Baban Abdul ya yi min tambayar da ta ɗaure ni. Ya ce, "Tsakani da Allah, ya taɓa ɓoye miki ciwo?"

Bai taɓa ba. Ko sau ɗaya. Na shiga mota na rufe ƙofa, muka bar Ilorin.

La'asar ta yi sosai muka gangaro Jebba. Masu kifi da burodi suka yanyame tagogi, Baban Abdul bai tsaya ba. Muka hau gada. Kogin Neja ya cika ya yi jajir saboda damina. Abdul ya yunƙura zai ɗago kai ya kasa, sai ya riƙe yatsana. Tafinsa sharkaf da zufa. Da tayoyi suka sauka a kan kwalta ta ɗaya ɓangaren, ya ce a hankali, "Mama, mun tsallake?"

"Mun tsallake."

"Duka?"

"Duka."

"To yanzu zan iya faɗa?"

Na ce, "Faɗin me?"

"Ƙirjina, Mama. Da baya. Tun jiya da magariba." Sai kukan da ya riƙe ya ɓalle, amma babu numfashin da zai yi shi, yana fita guntu-guntu. "Kaka ta ce ciwon ya tsaya a teku. In na kira sunansa zai ji, ya biyo mu. Amma ba ya iya tsallake babban kogi. Ta ce in daure sai Jebba." Ya juya ido wajenta. "Kaka, ai ban faɗa ba ko? Ko da Mama ta tambaya ban faɗa ba."

Kaka ta ɗora hannu biyu a ka tana salati. Baban Abdul ya taka birki a tsakiyar hanya, ya juyo wajen uwarsa yana cewa, "Wace magana ce wannan? Nna, wace magana ce wannan?" Ashe shi ma wannan ɓangaren ba a faɗa masa ba. Na ce ya ja mota. Na daka masa tsawar da har Aziza ta fashe da kuka. Ilorin tana bayanmu da nisa, da ramukanta da tirelolinta. Mokwa ce mafi kusa, kuma na san abin da ke Mokwa bai kai abin da muka baro ba.

Na janye shi daga cinyar Kaka na zaunar da shi a jikina, ƙirjinsa yana bugawa a nawa. Na zuge gilashi don ya sami iska, na sake rufewa don kada sanyi ya shige shi, na rasa wanne ne daidai. Leɓɓansa suka fara canza launi. Yana ta son ya yi magana ina cewa ya yi shiru, ni da na shekara bakwai ina roƙonsa ya riƙa faɗa.

"Mama, bai lalace ba ko? Maganin?"

"Bai lalace ba."

"Zan shiga ruwan sama?"

Na ce zai shiga. Na ce ni da kaina zan buɗe masa ƙofa.

A wani ƙaramin asibiti a Mokwa aka karɓe shi daga hannuna. Sun yi iya abin da suke da shi, ba zan ɗora musu laifi ba. Ana kiran magariba ya cika. Baban Abdul yana durƙushe a baranda ya kifa kai da bango, Kaka tana cikin mota riƙe da Aziza, ta kasa shigowa.

Likitan, wani matashi da gajiya ta cinye, ya fito yana goge hannu. Ya ce wannan ciwon ba na yau ba ne, da an kawo shi tun safe ko da rana da wataƙila an yi wani abu. Ya tambayi daga ina muke, na faɗa masa. Ya ce ashe ta Ilorin muka biyo. Ya dube ni, ba da faɗa ba, kamar dai yana son ya fahimta.

"Hajiya, duk tsawon hanyar nan bai ce miki yana jin ciwo ba?"

Na ce, "Bai ce ba. An hana shi ne. Yaro ne mai jin magana."