Tarago Na Tara

Tashar ba ta da girma, gara a faɗi gaskiya tun da wuri. Dandamali ɗaya ne mai tsawo, sai ofis mai ɗaki biyu, da tagar yankan tikiti, da benci huɗu, ɗayansu ba a zama a kansa sai an tokare shi da bulo. Amma tana kan babban layi, kuma wannan kaɗai ya ishi mutanen garin abin tinƙaho. Jirage goma sha ɗaya ne ke bi ta nan kullum. Takwas ko kallon garin ba sa yi, sai dai su girgiza kofunan mai shayi su wuce. Uku ne ke tsayawa, kuma mafi tsawonsu, na ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, minti biyu yake yi cif.

Wanda ke tsare da minti biyun nan shi ne shugaban tashar, wanda duk garin ke kira Baba Agogo. Shekara ashirin da shida yana nan, bai taɓa riƙe jirgi ko da daƙiƙa ɗaya ba. Yayansa ma, uwa ɗaya uba ɗaya, ya taɓa barinsa a dandamali da jaka a hannu, kuma har yau in an tayar da zancen a gida cewa yake yi Yaya ne ya makara. Mutum ne mai kirki, amma irin kirkin da sai ka zo da wuri za ka same shi.

To, ranar Talata 'yarsa Auta ta bugo waya. An ba mijinta aiki can ƙarshen layi, tafiyar kwana biyu, kuma dole ya bayyana a wurin aikin ranar Litinin, babu halin yada zango. Ranar Asabar za su bi ta garin a jirgin sha ɗaya da kwata, a tarago na tara, tare da jaririyarsu 'yar wata huɗu.

Baba Agogo bai taɓa ganin yarinyar nan ba, kuma ita ce jikarsa ta fari. Lokacin haihuwa matarsa ce ta je ta yi mako uku, shi kuwa an ɗauke mataimakinsa ba a turo wani ba, babu wanda zai bar wa tasha. An nuna masa hotuna a waya, ya duba ya sake dubawa, ya ce shi dai jarirai a waya duk fuskarsu ɗaya. Abin yana cin ransa, kowa ya sani, ko da yake ba ya faɗa. In suka wuce ranar Asabar, sai bayan shekara biyu, in an yi sa'a.

Matsalar ita ce, in jirgi ya tsaya, wurin shugaban tasha yana can gaba, daidai kan jirgi, inda zai miƙa wa direba takardar izinin wucewa, ya busa usur, ya ɗaga koriyar tuta. Tarago na tara kuwa can baya yake tsayawa, wajen famfo. Saurayi mai jini a jika zai iya zuwa ya dawo cikin minti biyu. Baba Agogo da gwiwoyinsa sai dai ya je.

Ranar Asabar tun ƙarfe goma matarsa ta iso tashar cikin mayafinta ruwan ɗorawa, da ƙunshi uku na kayan da za ta ba Auta. Ta ajiye su a bakin ofis ta tsaya a kansa.

"Malam, minti ɗaya kawai. Ka ƙara musu minti ɗaya, wa zai mutu?"

"Jirgi mai gudu yana bayansa da minti bakwai," ya ce, bai ɗago daga takardunsa ba. "In na riƙe wannan, an tsayar da wancan a daji. In an tsayar da wancan, na kaya da ke jiransa a gaba ya kwana. Minti ɗayan nan naki kafin la'asar ya zama awa."

"Ka ji shi ko? Amaryarka ce fa za ta wuce, kana yi mini lissafin la'asar."

Mai shayi, wanda kunnensa ya fi tukunyarsa aiki, ya leƙo ta taga. "Baba, da ni ne kai, usur ɗin nan sai ya faɗi a ƙasa. Kafin a neme shi a goge, ai ka ga jika."

Mai tikiti ma ta ɗaga murya daga ɗaya ɗakin. "Ko ka ba ni tutar. Ɗaga ƙyalle ne fa, ba tiyata ba."

Baba Agogo ya sha mur, ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi murmushin wanda ya riga kowa tunani.

"Ku duk kun daɗe a tasha amma ba ku san tasha ba. Ina nake tsayawa? A gaba. To, wane tarago ne zai bar garin nan bai bi ta gabana ba? Ke dai ki gaya wa Auta, da zarar ta ji usur, ta ɗaga mini yarinyar a taga. Ni zan ƙirga."

Ƙirga kuwa ya iya. Idan jirgi yana wucewa, idonsa na kan ƙafafun ƙarfe da ƙofofi, ko akwai abin da ke hayaƙi ko wanda ke lilo, don haka da kunne yake ƙirga taragu. Kowane tarago yana da bugu biyu a mahaɗar ƙarfe da ke gabansa. Bai taɓa buƙatar duba lamba a jikin tarago ba, kuma yana alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Matarsa ta taɓe baki, ta kwashi ƙunshinta ta nufi wajen famfo.

Sha ɗaya da kwata jirgin ya shigo yana huci. Tashar da ke gyangyaɗi ta farka gaba ɗaya: masu sauka suna ture masu hawa, masu talla suna bin tagogi, wani yana jan akuya da ta rantse ba za ta hau ba. Baba Agogo ya miƙa wa direba takarda, suka gaisa a gurguje. Sannan ya juya ya dubi can baya. Cikin cincirindon mutane ya hango ɗigon ruwan ɗorawa, ya ga an miƙo wani farin abu daga ƙofa, ɗigon ya karɓa ya rungume.

Nan fa zuciyarsa ta fara yi masa gardama. Ya dubi agogo, saura daƙiƙa hamsin. Ya ji ƙafarsa ta dama ta matsa da kanta, ya mayar da ita. Usur ɗin yana hannunsa, kuma, Allah ya sani, ya tuna shawarar mai shayi. Bai taɓa jin kishin matarsa irin na wannan lokacin ba. Ya ga farin abin ya koma cikin jirgi. Saura biyar, huɗu. Ya sa usur a baki ya busa, ya ɗaga tuta.

Jirgin ya ja a hankali. Ɗaya. Biyu. Baba Agogo ya gyara hularsa, ya ja rigarsa ƙasa, kamar mai jiran babban baƙo. Biyar. Shida. Gudu ya fara ƙaruwa. Takwas. Ya ɗago kai.

Ga ta nan kuwa, a taga ta uku, hannaye biyu sun tallafe ta: kumatu cike, jar hula, ido waje, tana kallon duniya. Shugaban tasha, mutumin da ko dariya sai ya duba lokaci, ya buɗe baki ya yi ihu, "Ga ni nan! Ga kakanki!" Ya kaɗa tuta kamar mai korar kaji, ya bi taragon da taku huɗu, wuyansa a juye, har tagar ta ƙule. Da ƙyar ya tuna ya duba jar fitilar tarago na ƙarshe, kamar yadda doka ta ce.

Ya dawo ofis baki har kunne. Mai shayi ya tare shi, mai tikiti ta fito daga ɗakinta.

"Na gan ta! Wallahi hancina ne sak. Kuma ta gane ni, ku tsaya ku ji, sai da ta bi ni da ido. Yarinya ke nan, ga kumatu, ga jar hularta..."

Matarsa ta iso daidai nan, hannu wayam, idonta ya yi ja don kukan rabuwa. Ta tsaya.

"Wace jar hula?"

"Ta kanta mana."

"Malam, babu hula a kanta. Zafi take ji, ni da hannuna na cire mata. Fara ce ma."

Mai shayi ya fara goge kofin da ya riga ya goge. Mai tikiti ce ta dafe baki, ta ce a hankali, "Baba, yau fa da ƙarin tarago a gaba, na kayan gidan waya. Takardar tana kan teburinka tun safe. Kai ka sa mata hannu."

Ya sa mata hannu, ya tuna. Ya sa hannu ne lokacin da hankalinsa ke wajen gyara hula. Ashe na tara a kunnensa, na takwas ne a jikin jirgi. Ashe 'yar wasu ya yi wa ihu, 'yar mutanen da har su isa inda za su suna mamakin wane tsoho ne wannan. Sai kuma ya tuna wani abu da ya fi wannan ciwo: lokacin da yake bin jar hula da wuya a juye, ya ji kamar wata murya a bayansa tana cewa "Baba! Baba!" Ya ɗauka ƙarar ƙarfe ce.

Ya zauna a benci, tutar a kan cinyarsa. Mai shayi ya buɗe baki zai yi barkwanci, ya dubi fuskarsa, ya rufe.

Matarsa ta daɗe tana kallonsa. Ta zauna kusa da shi, ta janyo gefen mayafinta na kafaɗar hagu, inda wani farin tabo yake, bai gama bushewa ba.

"Ungo. Tumbuɗi ta yi mini, 'yar banza, ina ɗaukarta. Shinshina."

Baba Agogo ya kalli tabon. Ya kama mayafin da hannu biyu, ya kai hancinsa, a gaban mai shayi da mai tikiti da duk wanda ke da ido. Tsamin nono ne, da ɗan ƙamshin hoda. Ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya sake ja.

Wayar ofis ta fara ƙara, ana sanar da shi mai gudu ya taso. Ya miƙe, ya goge ido da bayan hannu, ya ɗauki tutarsa. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Kada ki wanke shi," ya ce.