Hadarin da Ya Cinye Muryar Glory

Mijina Gabriel tsohon soja ne, taurin kansa kuwa sai wanda ya gani. Tun da 'yarmu Glory ta tafi ƙasar waje karatun sararin samaniya yake jin ta a waya, amma bai ƙoshi ba. Wai muryar waya ta mutum ɗaya ce, ta rediyo ita ce ta duniya. Da ta ce za a yi hira da ita a sashen Hausa na wata tasha ranar Laraba da la'asar, sai ya sayi sabon batir, ya gayyato rabin garinmu Dabai. Ni ma kewarta tana cina, ban dai yi shela ba.

To, mun daɗe muna roƙon ruwa a coci, Gabriel ne ma kan gaba, don gonar dawarsa ta bushe ƙayau. Ranar Larabar, ana cikin shimfiɗa tabarmi, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin.

Ya harari sama. "Yau dai? Mi za ya hana a bari sai gobe?"

Na ce, "Baban Glory, kai ka roƙa, kai kuma za ka mayar?"

Aka kunna rediyo, sai ga muryarta tar. Tana bayani cewa can sama da gajimare akwai wani rufi na iska mai lantarki, shi ke dawo da maganar rediyo ƙasa. In hadari ya yi ƙarfi, yakan girgiza rufin nan kamar tabarmar da aka shanya a igiya.

Aka yi walƙiya. Muryar ta nutse, ta taso, ta sake nutsewa. Baƙi suka watse, kowa ya ruga tarar ruwa. Gabriel ya cusa rediyon cikin rigarsa, ya ƙi tashi, yana murɗawa yana cewa, "Ɗiyata, ƙara magana."

Sau ɗaya ta dawo, can ƙasa-ƙasa. "Ina gaida Babana a Dabai. In bai ji ni ba, to na san ruwa ya sauka a gonarsa, na gode Allah."

Daga nan sai shuuu.

Na kawo masa lema. Bai karɓa ba, ya ce in yi shiru, ko za ta dawo. Na zauna kusa da shi, ruwan ya dake mu tare.